Waɗanda suka taɓa gwada gubar lakar tafkin bakin teku da halittun ruwa: me ya kashe naku?

Ɗalibar Laka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman waɗanda suka taɓa yin wannan aiki da hannunsu su ba ni labarin yadda ta kaya musu. Ina digiri na biyu, aikina a kan lakar ƙasan wani tafkin bakin teku ne, irin wanda tudun yashi ya raba shi da teku sai 'yar kafar da ruwan gishiri ke shigowa, rafuka kuma na zubo masa daga tudu. Akwai masana'antu a gefe guda, shi ya sa muke zargin lakar.

Na yi gwajin kwana 10 da amfifod, ƙananan halittun nan masu kama da jatan lande da ke haƙa rami a laka. Na bi tsarin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar a 1994: kwalba mai cin lita ɗaya, laka mai kaurin santimita 2, ruwan teku a samanta, amfifod 20 a kowace kwalba, kwalba 5 ga kowane wurin da muka ɗebo laka. Ba a ba su abinci, fitila kuma a kunne dare da rana don su zauna cikin lakar. Jiya na tace. A lakar kusa da masana'antu fiye da rabi sun mutu, wannan dama na zata. Abin da ya hana ni barci shi ne wani lungu da muka zaɓa saboda nisansa da kowa da komai, shi ma mutuwar kusan haka take. Lakar shaida kuwa, wato mai tsabta da halittun suka zo da ita daga mazauninsu, kusan duka sun rayu, sun haura kashi 90 cikin 100 da ake buƙata. Ke nan ba marasa lafiya aka kawo mini ba. Wa irin wannan ta taɓa samu?

Tsohon Ɗan Lab

Wa alaikumus salam 'yata. Kafin komai, wane launi lakar lungun take, kuma wane wari take yi? Kin auna amoniya, sinadarin nan mai warin tsohon fitsari, a ruwan da ke cikin lakar tun ranar farko?

Na tambaya ne don irin wannan ta same ni a farkon aikina. Laka baƙa ƙirin, mai laushi kamar kirim, daga wani lungu da ruwa ba ya motsi, ciyawar ruwa na mutuwa tana ruɓewa a wurin shekara da shekaru. Halittu suka mutu, ni kuwa har na fara rubuta cewa wurin yana da guba. Wanda nake aiki a ƙarƙashinsa ya karanta ya ce in je in auno amoniya tukuna. Da na auna, ta wuce abin da halittar ke iya jurewa nesa ba kusa ba. Ruɓewar ce ke haifar da ita, kuma kwalba ba teku ba ce, babu igiyar ruwan da za ta kwashe ta, sai ta taru. Ga zafi da hawan pH, wato raguwar tsamin ruwa, suna ƙara mata kaifi. Muka sake, amma wannan karon mun yi kwanaki muna canza ruwan saman muna hura masa iska kafin mu zuba halittun, har amoniyar ta sauka. Mutuwar ta tafi kusan gaba ɗaya. A tsarin da kika bi ma an rubuta iyakar amoniya ga kowane nau'in amfifod: miligiram 30 a lita ga Ampelisca abdita da Rhepoxynius abronius, 60 ga Leptocheirus plumulosus da Eohaustorius estuarius. Wanne kika yi amfani da shi?

Ɗalibar Laka

Baba, Leptocheirus ne, saboda gishirin tafkinmu yana hawa yana sauka, shi kuma yana jure wannan. Lakar baƙa ce, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Amoniyar ruwan sama kawai na auna, ban matso ruwan cikin lakar ba.

Mai Kwalekwale

Malama, ni ba mutumin ɗakin gwaji ba ne, nawa ɗebo laka ne, amma rabin matsalar da ake gani a kwalba a kan ruwa ake ɗauko ta. Na taɓa fita tun asuba da abin damƙo laka na Van Veen, muka yi wurare da yawa, ƙanƙarar kula ta narke tun hantsi, injin kwalekwalen kuma ya ba mu wahala, ba mu dawo ba sai bayan la'asar. Lakar da ta wuni cikin zafi ba ita ce wadda muka ɗebo ba. Da aka buɗe robobin, warin ya ninka na safe. Haƙura muka yi muka zubar, muka koma. Tun daga ranar nake ninka ƙanƙara, in cika roba har baki don kada iska ta samu wurin zama, in kwashi santimita biyu na sama daga tsakiyar abin damƙar da cokalin roba, ba na taɓa gefen da ya goga ƙarfe. Kuma in sa a juya kwalekwale yadda man injin ba zai bi ta inda muke sauke igiya ba. A firij a ajiye ta a digiri 4, cikin duhu, kada a daskarar da ita. Taki kwana nawa ta yi kafin ki fara?

Mai Ƙirgar Tsutsa

Nawa gajere ne. Na rasa amfifod masu yawa a kwalabe biyu cikin biyar, sauran ukun lafiya lau, alhali laka ɗaya ce. Ko gawa ban gani ba, tsarin kuma ya ce wanda ya ɓace a ƙirga shi cikin matattu. Da na sake tacewa a hankali sai ga tsutsar teku mai farauta, ƙatuwa, a kowace cikin biyun. Da lakar ta zo, ita ta cinye su. Yanzu sai na danna laka ta cikin rariya ba tare da ƙara ruwa ba kafin in zuba ta a kwalba. 'Yar'uwa, duba ko mutuwar ta yi daidai a duka kwalabe biyar ɗin.

Mai Bushiyar Teku

Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki, wannan ba gazawarki ba ce, halin lakar irin waɗannan tafkuna ne. Ni a Italiya na yi karatuna, a kan lakar tafkin Venis. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 550, amma yawancinsa zurfin bai wuce mita ɗaya ba, a gefensa kuma ga yankin masana'antu na Porto Marghera da aka kafa tun 1917. Dole a riƙa yashe hanyoyin jiragen ruwa, kuma duk lakar da aka yaso sai an san matsayinta kafin a san inda za a zuba ta. Don haka sakamakon gwaji a can ba na takarda ba ne kawai.

Mu da 'ya'yan bushiyar teku muka fi aiki, wata dunƙulalliyar halittar ruwa mai ƙaya, nau'in Paracentrotus lividus. Za a yi wa babbar bushiyar allurar ruwan potasiyam kulorayid, ta mace ta saki ƙwai masu launin lemo, namiji ya saki farin maniyyi, a haɗa su a ga sun ɗauka. Sai a kaɗa laka kashi ɗaya da ruwan teku kashi huɗu, a bari ta kwanta, a tsiyaye ruwan saman a zuba ƙwayayen a ciki. Bayan kwana biyu zuwa uku ka zauna gaban madubin ƙara girma ka ƙirga ɗari-ɗari. Mai lafiya za ka gan shi da hannaye huɗu miƙaƙƙu, ƙashinsa siriri kamar gilashi. Wanda abu ya taɓa kuwa, ko hannayen sun karkace, ko girman ya tsaya ya zama ɗan dunƙule. Har yau ban daina jin wani abu a raina ba in na ga fili guda babu mai lafiya ko ɗaya.

Sau biyu na yi tuntuɓe. Na farko irin naki ne: 'ya'yan bushiya sun fi amfifod rauni a gaban amoniya da salfayid, wannan mai warin ƙwan, sai ruwan wankin laka daga wurare masu nisa da masana'antu ya riƙa lalata su. Na biyu, na ɗebo iyaye bayan lokacin haihuwarsu ya wuce, ƙwan ba shi da ƙarfi, har na ruwan shaida suka lalace, mako guda ya tafi a banza. Daga nan ban ƙara yin gwaji ba sai da jerin kwalaben jan ƙarfe a gefe, gubar da na san ƙarfinta, don in gane ko halittun yau daidai suke da na watan jiya. Ke da amfifod, ƙarfen kadmiyam ake yawan sa wa, a ruwa zalla, awa 96. Shawarata kada ki tsaya kan halitta ɗaya. Mun riƙa haɗa amfifod na yankin, Corophium orientale, da bushiya, da 'ya'yan kawa, da ƙwayoyin bakteriyar nan masu haske na gwajin Microtox da haskensu ke dusashewa cikin minti 15 zuwa 30 in akwai guba. Kowanne da ƙofar da guba ke shigar masa.

Malamin Kemistiri

Ni akasin naku ne ya same ni. Na auna wata laka na tarar da dalma da zinki sun yi yawa ƙwarai, na tabbata babu abin da zai rayu a ciki. Kwana 10 suka cika, amfifod na ta iyo. Na zargi injina, na sake aunawa, lamba ɗaya. Ashe salfayid ɗin da ke cikin baƙar laka ne ya ɗaure ƙarfen, ya zama ba ya narkewa balle ya shiga jikin halitta. Da muka bar wani kaso ya sha iska har launinsa ya koma ruwan ƙasa, ƙarfen ya saku, aka fara ganin illa. Ku tuna abin da yashe ko guguwa ke yi wa ƙasan tafki mara zurfi ke nan. Rayuwar kwana 10 ma ba shaidar lafiya ba ce. Fentin jiragen ruwa mai TBT, gubar da ke hana halittu manne wa jirgi, wanda yarjejeniyar haramta shi ta fara aiki a 2008, ba kashe dodon koɗin teku ya riƙa yi nan take ba, matan ne suka riƙa fitar da gaɓar maza har haihuwa ta gagara. Shi ya sa aka fito da gwajin kwana 28 na Leptocheirus, mai duba girma da yawan 'ya'ya.

Amma Baba, da girmamawa, akwai inda ban bi ka ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ba kowace amoniya ce ta Allah da Annabi ba. Idan ruwan masai ko takin gona ne ke shiga tafki yana ciyar da ciyawar da ke ruɓewa, to amoniyar ita kanta gurɓata ce, kuma in an wanke ta kafin gwaji an wanke shaida. Tafkin Mar Menor na Sifaniya ya isa misali: takin gonaki ya mai da ruwansa kore a 2016, a watan Oktoban 2019 kuma kifaye suka fito gaɓa matattu saboda rashin iskar shaƙa.

Tsohon Ɗan Lab

Malam, ka yi gaskiya, ban ce a ɓoye ta ba. A rubuta nawa aka samu kafin wanki, a yi gwajin iri biyu, da wanki da babu, a ajiye su gefe da gefe. Abin da nake gudu shi ne a ɗora wa ƙarfe ko man fetur laifin da ba nasu ba, a kashe dukiya wurin gyaran da ba zai gyara komai ba. 'Yata, in kuna da ganyen tekun nan Ulva, yana shan amoniya daga ruwa, garin gawayin kwakwa kuma yana kama gubar dangin mai da maganin ƙwari. Ki raba lakar, ki sa wa kowane kaso abu ɗaya, ki ga wanne ya tsayar da mutuwar.

Ɗalibar Laka

Allah ya saka muku da alheri. Ga abin da na samo yau. Malam Mai Kwalekwale, lakar kwana 9 ta yi a firij, ba a daskarar ba. Mutuwar ta yi kusan daidai a kwalabe biyar ɗin, kuma na ga gawarwaki, don haka ban zargi tsutsa ba. Na juya ragowar lakar lungun a injin matse ruwa na auna: amoniyar ta haura 60. Ta kusa da masana'antu kuwa tana ƙasa sosai, ke nan abin da ya kashe na can daban ne. Na kuma koma kan taswira, sai na ga akwai wani ɗan rafi da ke ratsa gonaki ya faɗa bayan lungun, wanda ba mu lura da shi ba ranar zaɓen wurare. Ranar Litinin za mu koma mu ɗebo sabuwar laka da ruwan rafin, in yi iri biyun da Baba ya faɗa. Yaya Mai Bushiyar Teku, in gishirin ruwan wankin lakar bai kai na teku ba, da me kuke ɗaga shi kafin ku zuba ƙwan, da ruwan tekun da aka kaurara ko da garin gishirin lab?