Neman shawara: ƙanwata za ta karatu a garin Ames na Amurka, ya tsaron wurin yake?

Abban Khadija:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ta samu gurbin digiri na uku a Jami'ar Jihar Iowa da ke garin Ames, za ta tafi cikin watan Agusta da yaranta biyu, ɗan shekara 7 da 'yar shekara 4. Maigidanta sai daga baya zai bi su. Hajiyarmu ta ɗaga hankalinta saboda labaran harbe-harbe da take ji a rediyo. Na duba intanet, wani shafin ya yabi garin, wani kuma ya ba shi maki marar daɗi. Wanne zan kama? Kuma me ya kamata ta yi kafin ta tafi da bayan ta sauka? Allah ya saka da alheri.

Malam Nura:
Wa alaikumus salam Abban Khadija, Allah ya sa albarka a karatun. Ka ajiye shafukan nan masu raba wa garuruwa maki. Yawancinsu alƙaluman FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, suke kwasa su cakuɗa da nasu lissafin, alhali ita kanta hukumar tana gargaɗin kada a jera garuruwa da alƙalumanta. Ka shiga shafinta mai suna Crime Data Explorer, ka zaɓi Iowa, ka zaɓi 'yan sandan Ames, ka duba shekara 5 zuwa 10 a jere, ba shekara guda ba.

Kashi biyu za ka gani. Na farko laifukan da ake taɓa lafiyar mutum: kisa, fyaɗe, fashi da mummunan duka ko hari da makami. Na biyu laifukan dukiya: ɓalle gida, sata, satar mota da ƙone-ƙone. Shafin da ya tara su wuri ɗaya ya ce maka "laifi ya yi yawa" ya auna satar keke da kisan kai da mudu ɗaya ke nan.

Ga ma'aunin da za ka riƙe. A 2022 matsakaicin Amurka kusan laifi 380 ne na kashin farko cikin kowane mutum 100,000, na dukiya kuma kusan 1,950. Ƙidayar 2020 ta ba Ames mutum 66,427. Ke nan in da garin daidai yake da sauran ƙasar, za ka ga kusan 250 a kashin farko, kusan 1,300 a na biyu cikin shekara. Abin da ka gani a shafin sai ka gwada shi da waɗannan. Ames ya saba zama ƙasa da matsakaici a kashin farko, sata ce ta fi cika littafin 'yan sandansu.

Akwai abubuwan da ke rikita lissafin ƙaramin gari. Kisa ɗaya a gari mai mutum 66,000 yana fitowa 1.5 cikin 100,000, in ya zama biyu sai ka ga an rubuta wai kisa ya ninka, alhali rai ɗaya ne ya ƙaru. Sannan filin ƙwallon jami'ar, Jack Trice, yana cin mutum 61,500. Ranar wasa baƙi kan cika garin, duk rigimar da suka yi a kan mazauna ake raba ta. Shekarar 2021 kuma kada ka dogara da ita wajen kwatance, lokacin ne FBI ta sauya tsarin karɓar rahoto, rundunoni da dama ba su aika nasu ba. Na ƙarshe, abin da aka kai ƙara kaɗai ake ƙirgawa. Binciken Ma'aikatar Shari'a ta ƙasar yana nuna ƙasa da rabin laifukan kashin farko ne ke isa wurin 'yan sanda, na dukiya kuwa kusan ɗaya cikin uku.

Abu Fatima:
Malam Nura ya yi bayani, amma kada a rufe wa Hajiya gaskiya. A watan Satumba na 2018 an kashe wata ɗaliba 'yar Sifaniya da rana a filin wasan golf cikin Ames, kuma wanda ya kashe ta ba saninta ya yi ba. A watan Yuni na 2022 wani ya harbe ɗalibai mata biyu a harabar wani coci a gefen garin, ɗayarsu tsohuwar budurwarsa ce, sannan ya harbe kansa. Tun 1 ga Yuli 2021 kuma dokar Iowa ta daina tilasta wa baligi neman izini kafin ya yi yawo da ƙaramar bindiga. Ba kullum ake irin wannan ba, shi ya sa har yau ake tuna su, amma suna faruwa. Abin ɗauka a nan: kada ta biye wa kowa a cacar baki kan hanya ko wurin ajiye mota, ba ta san abin da ke aljihun mutum ba.

Malam Nura:
Haka ne Abu Fatima. Ka ma tuna min: jami'ar tana da nata 'yan sandan daban, wajen gari kuma ofishin sharif, wato shugaban 'yan sandan gundumar Story, ne ke riƙe da shi, kowa da nasa lissafin. Dokar Clery ta 1990 ta wajabta wa kowace jami'a mai cin tallafin tarayya ta fitar da rahoton tsaro zuwa 1 ga Oktoba duk shekara, ɗauke da alƙaluman shekara uku, da kuma rajistar laifuka ta kullum da kowa zai iya dubawa. Rajistar ta fi rahoton amfani, don tana faɗin wuri da lokaci.

Maman Ilham:
Yaya, tsaronta ya fi rataya a kan gidan da ta kama, ba a kan makin gari ba. Tunda da yara take, ta fara neman gidajen iyali na jami'a da ake kira Schilletter-University Village, ta cike takarda da wuri don layi ake bi. In ba ta samu ba, ta nisanci Campustown, wato kewayen titin Welch da ke kudu da Lincoln Way. Ba wai 'yan fashi ne a can ba. Unguwar mashaya ce, daren Juma'a da Asabar hayaniya, faɗan 'yan maye da fasa kwalabe har ƙarfe biyu na dare. A nan ne tarzomar da ta sa jami'ar ta soke bikinta na VEISHEA a 2014 ta tashi.

Yawancin hayar garin daga 1 ga Agusta take farawa ta ƙare ƙarshen Yuli, kuma masu kyau tun watanni kafin lokacin ake kama su. Wannan gaggawar 'yan damfara ke ci. Sukan kwafi hoton gidan gaske su sa a Facebook Marketplace ko Craigslist da farashi mai sauƙi, su ce suna tafiya, a turo kuɗin ajiya ta Zelle ko Western Union za su aiko da makulli. Kuɗin da ya tafi ta nan ba ya dawowa. Kada ta biya sisi sai wani da ta yarda da shi ya shiga gidan da ƙafarsa, ko kuma kamfanin haya ne mai ofis a garin. Hukumar birnin tana yi wa gidajen haya rajista tana duba su, don haka ta nemi mai gidan ya nuna takardar shaidar dubawa. A dokar Iowa kuɗin ajiya ba ya wuce hayar wata biyu, kuma cikin kwana 30 da tashi za a mayar mata ko a rubuto dalilin cirewa. Ranar da ta shiga ta ɗauki hoton kowane ɗaki, har tabon bango.

Abin da za a duba a gidan: ƙofa mai sakatar ƙarfe da ke shiga cikin katakon bango, ba makullin mariƙi kaɗai ba, tagogi masu kullewa, fitila a matakala da wurin ajiye mota. In ƙofar baranda mai zamewa ce, a yanka sanda daidai tsawon hanyarta a kwantar. Hawa na biyu ya fi na ƙasa. Ta sa adireshin a shafin NSOPW na gwamnati, zai nuna mata masu laifin lalata da aka yi wa rajista a kusa. Ta kuma duba taswirar ambaliya ta FEMA, hukumar agajin gaggawa ta Amurka, domin a watan Agusta na 2010 ruwa ya shiga har babban ɗakin wasan jami'ar na Hilton, kuma gidajen da ke kusa da rafin Ioway da kogin South Skunk su suka fi shiga haɗari.

Ta yanki inshorar kayan ɗan haya, wadda kan kama dala 10 zuwa 20 a wata. Inshorar mai gida gininsa kawai ta rufe. Ta sani ita ma ba ta biyan ɓarnar ambaliya.

Injiniya Sani:
Satar garin ɗalibai ta ganin dama ce. Keke, kwamfutar da aka bari a laburare aka je bayi, kayan da aka yi oda aka ajiye a bakin ƙofa, da motar da ba a kulle ba. Ɓarayin kan bi layin motoci da dare suna jan mariƙi, wadda ta buɗe su kwashe, wadda ta ƙi su wuce. Keke a ɗaure shi da kwaɗon ƙarfe mai siffar U, ya haɗa jikin keken da tayar baya da turken, don igiyar waya almakashin ƙarfe ke datse ta nan take. Ta rubuta lambar da ke ƙarƙashin keken da ta kwamfutarta, sai da su 'yan sanda ke iya gane kayanta in an kama. In za ta sayi tsohuwar mota, ta kula da Kia da Hyundai masu makullin murɗawa na tsakanin 2011 da 2021, da yawansu ba su da na'urar hana tayar da inji. Ta tambaya ko an yi wa motar gyaran da kamfanin ya fitar, ta ƙara da sandar kulle sitiyari. Da sanyi kada ta bar mota a kunne tana ɗumi ta koma ɗaki.

Wanda ya fi cin sababbin ɗalibai shi ne kiran waya. A ce daga hukumar shige da fice ne ko ta haraji, bizarta ta samu matsala, ta biya yanzu da katin kyauta na kanti ko kirifto, in ba haka ba a kamo ta. Har lambar hukumar sukan sa ta fito a wayar. Babu hukumar gwamnatin Amurka da ke karɓar kuɗi ta haka. Ta kashe wayar ta je ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar.

Kuma a Amurka mota ta fi mai kisa cin rai: kusan mutum 40,000 ke mutuwa a hatsari a shekara, kusan ninki biyu na waɗanda ake kashewa. Shekarar farko ta haƙura da tuƙi in da hali. Bas ɗin CyRide na kewaya gari, ɗalibi katin makaranta kawai yake nunawa.

Barista Hauwa:
Ni ta fannin doka zan ƙara, don baƙo ya fi faɗawa matsala ta rashin sani. In ɗan sanda ya kunna mata fitila ta tsaya a dama, ta zauna cikin mota, hannu biyu kan sitiyari, ta faɗa masa kafin ta miƙa hannu ɗauko takarda. Kada ta fito tana ba da haƙuri, kada ta miƙa na goro, wannan kaɗai ya isa a ɗaure mutum. Sa hannu a takardar tara ba amsa laifi ba ne, a kotu ake musu. Jami'ar tana da lauyoyin da ke ba ɗalibai shawara kyauta.

Mai bizar karatu dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai da wasu keɓantattun sharuɗɗa, don haka kada wani ya ce wa maigidan ya saya don kare iyali. Bas ɗin 'yan makaranta in ya tsaya ya fito da alamar tsayawa, wuce shi na jawo tara da dakatar da lasisi. Yaro ƙasa da shekara 6 dole a kujerar yara yake zama a mota. Kada ta bar yaran su kaɗai a gida ko a mota ko da minti biyar za ta yi a kanti. Malaman makaranta da likitoci kuma doka ta ɗora musu kai rahoto in sun ga shatin bulala a jikin yaro.

911 na gaggawa ne, ta fara faɗin adireshi kafin komai, kuma suna iya haɗa ta da tafinta. Satar da ta riga ta faru akwai lambar 'yan sanda ta daban, ta karɓi lambar rahoto don inshora za ta nema.

Abban Khadija:
Allah ya biya ku, na tura mata duka. Saura biyu: tana sa hijabi, kuma aikin bincike zai riƙa kai ta dare a makaranta.

Maman Ilham:
Hijabi ba baƙon abu ba ne a garin, jami'ar na da ɗalibai daga ƙasashen Musulmi da dama, ga masallacin Darul Arqum, can za ta haɗu da matan da suka san unguwanni. Musulmi sun daɗe a jihar, masallacin Cedar Rapids tun 1934 aka gina shi. In wani ya yi mata baƙar magana kada ta tanka, ta shiga inda mutane suke, ta riƙe lokaci da wuri da lambar mota, ta kai wa 'yan sandan jami'a ko da ba a taɓa ta ba. Da dare akwai motar SafeRide da 'yan sandan jami'a ke gudanarwa kyauta tsakanin gine-ginen makaranta da gidajenta, ta sauke manhajar tun makon farko. Ta kuma tabbatar lambarta ta Amurka ce ke cikin ISU Alert, tsarin sanarwar gaggawa na jami'ar, ba wadda ta taho da ita daga gida ba.

Injiniya Sani:
A ƙara da yanayi. In jiniya ta yi kuka a bazara guguwa ce, ta kwashi yara zuwa ɗakin ƙasa, in babu sai bayi ko lungun tsakiyar gida marar taga a hawan ƙasa. Iskar 10 ga Agusta 2020 ta bar sassan jihar kwanaki babu wuta, don haka ta ajiye tocila, ruwan sha da batirin cajin waya. A Janairu sanyi kan sauka ƙasa da digiri 20 ƙarƙashin sifiri, in da iska fatar da ke buɗe kan ƙone cikin rabin awa. Ko wuta ta ɗauke kada ta kunna gawayi ko janareto a cikin gida, kada ta buɗe murhun gas don ɗumi, iskar da suke fitarwa ba ta da wari kuma a barci take kashewa. Ranar da ta shiga gidan ta danna maɓallin gwaji na na'urar hayaƙi da ta iska mai guba, wadda ba ta yi ƙara ba ta rubuta wa mai gida a ranar ya sauya.