Neman kalmar Hausa: wasan “ski” da wuraren koya wa ƙananan yara shi

Mai shirin rediyo: Assalamu alaikum, malamai da iyaye. Ina gabatar da shirin mako-mako domin iyalan Hausawa mazauna Turai, kuma ranar Alhamis zan naɗi na wannan mako, wanda zai yi bayani a kan yadda iyaye za su zaɓi wurin wasan “ski”, wanda ake yi a kan dusar ƙanƙara a tsaunuka, mai makarantar koya wa ƙaramin yaro, tun da hutun watan Fabrairu ya gabato kuma yara suna dawowa daga makaranta da maganar a bakinsu. Ina neman sunan wasan, da sunan wurin da ake zuwa a kwana domin yin sa, da sunan dogayen abubuwan da ake ɗaurawa a ƙafa. Akwai kakanni a cikin masu saurarona waɗanda su ne za su raka jikokin, ba na so in cika musu kunne da Turanci.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da muka saba ji a rediyo idan gasar Olamfik ta hunturu ta zo shi ne “zamiya a kan ƙanƙara”, sai dai wannan ya haɗe wasanni biyu wuri guda, domin masu takalmi mai kaifin ƙarfe da ke zagaye a kan daskararren ruwa a cikin zaure su ma zamiya suke yi a kan ƙanƙara. Shawarata ita ce ki ce “zamiyar dusar ƙanƙara” a farkon shiri, daga nan ki taƙaita zuwa “zamiya”. Na ƙafa kuwa “allunan zamiya” ne, na hannu “sanduna”.

Uwar yara a Tirol ta ƙasar Ostiriya: Na goyi bayan Malam a kan rabewar, domin uwar da ta ji “ƙanƙara” kawai za ta ɗauka zauren cikin gari ake nufi, alhali ana maganar tsaunukan Alps ne. Ina roƙon ki, 'yar'uwa, kada neman suna ya cinye miki lokacin abin da iyaye suke bukata. Yaro ɗan shekara uku ko huɗu ba a kai shi kan tsauni, ana sa shi ne a wani ɗan fili da aka killace a ƙasa, inda gangaren bai kai ya kawo ba, kuma ba a ba shi sanda ko ɗaya. Akwai wata shimfiɗar roba mai tafiya da kanta da yara ke tsayawa a kai ta hau da su ɗan tudun, sannan malami ya koya musu haɗa bakin allunan biyu a gaba su buɗe bayansu, wanda shi ne birkinsu. Abin da ya fi wahalar da uwa shi ne takalmin, domin yana da tauri da nauyi, yaro ba ya iya doguwar tafiya da shi, saboda haka idan masauki ya yi nisa da filin yara, ke za ki saɓa yaron da allunansa a cikin sanyin safiya. A tambayi nisan kafin a biya kuɗi, a tambayi yara nawa malami ɗaya yake riƙewa da harshen da yake magana da shi. Wanda zai bar yaro ya ci abincin rana a makarantar kuma ya faɗa musu tun farko cewa ba ya cin naman alade, domin a Ostiriya yana shiga abinci da yawa. A nan kusa da mu ƙauyen Serfaus ya yi suna wajen iyalai, har jirgin ƙarƙashin ƙasa gare shi tun 1985 domin a rage motoci a cikin gari. A Faransa kuwa makarantar koyon wasan da ake kira ESF, wadda aka kafa a 1945, tana karɓar yara daga shekara uku.

Tsohon mai fassara: 'Ya'yana, ban yarda da “zamiya” ba ko kaɗan. Bahaushe ba ya zamewa da gangan. Idan aka ce mutum ya zame, santsi ne ya kwashe shi, abin da ke biyo baya kuwa faɗuwa ce. Yaya za ki ce wa kaka za a kai jikanta makarantar zamiya, sannan ki sa ran hankalinta ya kwanta? Mai wannan wasa gangarowa yake yi daga tudu da niyya da ƙwarewa. Na daɗe da ƙirƙiro masa suna, wato “gangariya”, kuma daga tushe ɗaya za a samu “magangara” domin hanyar da ake bi a sauko, da “magangari” domin mai yin wasan. Kalma ɗaya ce mai daɗin faɗa, ba jimla mai jela ba.

Malamin Hausa: Allah ya ja da ran Baba, “magangara” ta zauna daram, musamman da yake hanyoyin suna da launi gwargwadon wahalarsu: a Faransa kore ce mafi sauƙi, sai shuɗiya, sai ja, sai baƙa, don haka Malama za ta iya cewa mai koyo ya tsaya a koriyar magangara. Amma “gangariya” tana da mai ita, domin idan aka ce zuma gangariya ce kowa ya san ana nufin tsantsa ce ba gauraye. Ga shi kuma akwai nau'in wasan da ake yi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ana tafiya mai nisa, babu gangare a cikinsa.

Ɗalibi daga Damagaram: Gafara dai malamai, me zai hana mu ari kalmar mu gyara ta da bakinmu, mu ce “siki”, kamar yadda magabata suka yi da sikeli da sito? Ita kanta kalmar daga harshen mutanen Norway ta fito, asalinta tsagin itace take nufi, kuma Faransawa da Jamusawa da Ingilishi duk aro suka yi ba su ji kunya ba. Uban da ya isa can zai ga kalmar a rubuce a kan kowane allo da kowane shagon hayar kaya, kuma da ita ɗansa zai yi masa magana.

Tsohon mai fassara: Wannan lalaci ne, ɗana. Larabawa ba su ara ba, “tazalluj” suke cewa daga tushen harshensu. Kakanninmu da suka ga abin hawa yana gudu a kan dogo ba su ari sunansa ba, sun ɗauki jirgin da suka sani a ruwa suka ce jirgin ƙasa, daga baya suka ce jirgin sama. Kai da ƙasarku Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, kai ne ya kamata ka fi kowa kishin ƙirƙira, sai ga shi kana kawo mana Faransanci da rigar aro.

Ɗalibi daga Damagaram: Baba, kishin nan ne ya sa nake magana. An ƙirƙiro “na'ura mai ƙwaƙwalwa”, amma a kasuwa da ofis kwamfuta ake cewa. Abin da ke damunmu a wannan ɓangare shi ne duk kalmar da aka yanke a Kano sai a ce ita ce Hausa, tamu kuma a kira ta karin harshe, ko da kuwa mutane sun fi amfani da ita.

Malamin Hausa: Babu wanda ya kawo maganar Kano a nan, ƙanena, kuma “zamiya” ba ta wani gari ɗaya ba ce. Idan ana son hukunci mai ɗorewa, sai a miƙa wa masana irin na cibiyar nazarin harsuna ta Jami'ar Bayero da takwarorinsu na Yamai su zauna tare.

Mai shirin rediyo: Na gode ƙwarai, amma ba zan iya jiran zaman masana kafin Alhamis ba. Zan ce “zamiyar dusar ƙanƙara”, in ambaci “ski” sau ɗaya domin iyaye su gane ta a allunan hanya, in yi amfani da “magangara” da “allunan zamiya”. Damuwar Baba game da kakanni gaskiya ce, saboda haka zan bayyana cewa tsayawa ake fara koya wa yaro, kuma a sa masa hular kwano, wadda Italiya ma ta wajabta wa yara. Har yanzu ban samu sunan wurin ba. Na yi tunanin “sansanin zamiya”, sai na ga “sansani” yana kai hankali ga 'yan gudun hijira ko soja.

Uwar yara a Tirol: Ki ce “garin zamiya”, domin yawancinsu ƙauyuka ne na gaske, da masaukai da shaguna da likita, mutane suna zaune a cikinsu rani da hunturu. Bai yi mini daɗi sosai ba, amma zai fitar da ke wannan mako.

Tsohon mai fassara: To, ki yi yadda kika ga dama, 'yata, tun da kin karɓi “magangara”. Ni dai a rubutuna “gangariya” zan ci gaba da sawa, kuma idan shirin ya fita ina so a turo mini in ji yadda “garin zamiya” zai fito a bakinki.