Muhawara: wai faɗin taya ne ke kawo gudu a filin tsere?

Ɗan Auta, Jidda: Assalamu alaikum. Jama'a ku raba mu da Yaya Baban Walid. Toyota 86 ɗin nan tawa nake so in kai Riyad, ranar da ake buɗe filin tsere kowa ya shiga da tasa. Yanzu tana kan tayar da ta zo da ita, 215/45R17 (faɗin taya milimita 215, tsayin gefenta kashi 45 cikin 100 na faɗin, girman rim inci 17), rim mai faɗin inci 7. Shi kuma ya kafe sai na sa jant, wato rim, inci 19, taya mai faɗin milimita 265 a baya, 225 a gaba. Wai duk yadda taya ta ƙara faɗi da girma, haka mota ke ƙara kama ƙasa. Kafin in zubar da riyalolina ina son jin bakinku.

Baban Walid: Wa alaikumus salam. Ko harafi ɗaya ban janye ba. Ku dubi Porsche 911, tayar baya ta fi ta gaba faɗi nesa ba kusa ba. Ku dubi Formula 1: a 2017 suka faɗaɗa tayar baya daga milimita 325 zuwa 405, motoci suka yi ta karya tarihin gudu. A 2022 kuma suka bar rim inci 13 suka koma 18. Duk waɗannan ba su san abin da suke yi ba sai mu?

Injiniya, Riyad: Yaya, ka haɗa abu uku wuri ɗaya ka kira su da suna ɗaya. Faɗin taya daban, girman rim daban, bambanci tsakanin gaba da baya daban.

Injin 911 a bayan tayoyin baya yake, wajen kashi 60 cikin 100 na nauyinta can ya tare, dole a ba baya babbar taya. Ita 86 injinta a gaba yake, nauyinta 53 gaba 47 baya, ƙarfinta kuma doki 200 da 'yan kai. In ka sa mata 265 a baya ka bar 225 a gaba, za ka shiga kwana ka murza sitiyari hancin ya ƙi bi, motar ta riƙa neman bakin titi.

Batun rim 18 kuwa, a filin tseren Formula 1 na Kornish ɗin Jidda aka yi a gabanmu. Disambar 2021 Hamilton ya zama na farko a gwajin jeri, wato zagayen da ke tantance wanda zai tashi a gaba, da 1:27.511 a kan inci 13. Maris ɗin 2022 Pérez ya yi 1:28.200 a kan inci 18. Na san duk tsarin motar aka sauya a shekarar, ba zan ɗora wa rim laifin shi kaɗai ba. Amma dai ba hujjarka ba ce.

Baban Walid: To na 2017 fa? Na ga ka tsallake shi.

Injiniya, Riyad: Ban tsallake ba, a nan kana da gaskiya rabi. Roba tana da wata ɗabi'a: in ka ninka nauyin da ke kanta, riƙonta ba ya ninkuwa daidai da haka. Shi ya sa faffaɗar taya ke taimakawa a kwana, kuma ba ta saurin ɗaukar zafi. Don haka daga 215 zuwa 245 a 86, riba ce a fili. Kalmar "duk yadda" ɗin nan taka ce ba ta yi mini ba. A shekarar ma ai fukafukan motocin aka faɗaɗa tare da tayar.

Alhaji Mai Banshar, Makka: 'Ya'yana, ni ban san Hamilton ba, amma gashin kaina a kan aikin taya ya yi fari a Shara Mansur. Ɗan Auta, kafin a kai ga faɗi, jant ɗin da za a sayar maka ya dace da motar tukuna? Ramukan ƙusa na 86 biyar ne a kan da'ira mai faɗin milimita 100. Yawancin jantunan da ke jibge a sana'iyya, unguwar makanikai, na 114.3 ne, na Camry da ire-irenta. Notinta ma ba irin na sauran Toyota ba ne, zarensa 1.25 ne irin na Subaru, don a masana'antarsu aka ƙera ta. Na ga yaron da aka tusa wa notin 1.5 da bindigar iska, ya shiga da ƙyar, zaren ya cinye. Da muka zo kwancewa ƙusa biyu suka biyo sifana a hannuna.

Sannan kowace taya da rim ɗin da take so. In ka cusa 245 a kan rim inci 7, gefenta zai kumbura kamar buhun da aka cika, a kwana ta riƙa lanƙwashewa ƙarƙashin rim. Ka biya kuɗin 245 ka ci moriyar 215.

Ɗan Auta, Jidda: Allah ya ƙara girma Baba. To wane rim ne zai ɗauki 245?

Injiniya, Riyad: Abin da masu 86 suka fi yi shi ne 17x9 da 245/40R17 a duk ƙafa huɗu. Yi lissafin tsayi ka gani. Taka ta yanzu kusan milimita 625 ce daga ƙasa zuwa sama, 245/40R17 kuma kusan 628, kamar ba a taɓa komai ba. Ta Yaya, 265/30R19, ta kai 642. Ka ƙara wa giya tsawo ke nan a motar da dama kowa ke kukan ba ta da ƙarfi a tsakiya, ga nauyin da ke juyawa ya ƙaru.

Ka kula da lambar ET da ke bayan rim, ita ke nuna yadda rim zai shige ciki ko ya fito waje. Na kamfani +48 ne. In ka ɗauki inci 9 mai +38, rim zai fito waje da milimita 35, ya matsa ciki wajen shokozoba da 15. Sai an kwantar da kan tayoyin gaba ciki, abin da masu alaimen ke kira kamba, in ba haka ba madigadi zai riƙa yankar gefen taya duk lokacin da mota ta zauna a kwana.

Direban Ta'if: Ni dai abin da ya same ni zan faɗa. Wani shago ya sa mini sifesa, wato faifan ƙarfe a bayan rim, don taya ta fito ta yi kyau, bai sauya ƙusoshin da dogaye ba. Noti zagaye huɗu ya yi ya tsaya. Ina gangarowa daga Hada na ji sitiyari yana rawa, na tsaya na taɓa, biyu da yatsa na kwance su. Tun ranar ba na barin kowa ya ɗaure mini taya sai da sifana mai awo. Awon ɗaurin notin 86 Nm 120 ne.

Baban Walid: Wannan laifin mai shago ne, ba na faɗi ba. Kuma ku faɗi gaskiya, mota a kan 17 kamar wanda ya sa babbar riga da silifas take.

Alhaji Mai Banshar, Makka: Agogon fili ba ya ganin ado, ɗana. Ni abin da ya fi damuna zafin ƙasar nan ne. Kwalta da azahar ko tafin hannu ba ka iya ɗorawa. Ka hura iska psi 35 da safe, ka yi zagaye biyar, ka auna ka ga ta haura 40, tsakiyar tayar kaɗai ke taɓa ƙasa. Ina amfanin faɗin a nan? Ka tafi da gejinka, ka fara ƙasa da abin da ka saba, kana fitowa ka auna da zafinta ka rage. Kuma ka karanta lambobi huɗun nan na gefe masu nuna lokacin da aka ƙera ta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tayar da ta shekara biyar a sito a Jidda ta riga ta bushe, ko da 285 ce.

Injiniya, Riyad: Baba ya taɓo inda gizo ke saƙa. Irin robar ta fi faɗin tasiri. Tayar da 86 ta farko ta zo da ita Michelin Primacy ce, da gangan aka zaɓi marar riƙo sosai don baya ya riƙa zamewa cikin sauƙi. Ka bar girman a 215 ka sauya zuwa taya mai laushi ta fili kawai, za ka rantse wata motar aka ba ka.

Baban Walid: To a gwada mana. Jantuna masu inci 19 na nan a gida, ramukansu biyar ne a kan 100, na duba. Ɗan Auta ya yi zagaye biyar da nawa, biyar da naku. Wanda ya faɗi shi zai sayi mandi na kowa.

Ɗan Auta, Jidda: Na yarda, amma fa kilomita kusan 950 ne zuwa Riyad, kuma taya takwas ba za su shiga 86 ba. Yaya, Hilux ɗinka za mu ɗauka, man kuma naka ne.

Alhaji Mai Banshar, Makka: Ku biyo ta wajena in duba shekarar tayoyin nan nasa tukuna. Na san tun yaushe suke jingine a bayan gidansa.