Shawarwarin masu gyara kan kwamfutar da ke ƙin tashi ko mutuwa ana cikin aiki

Bakin masu gyara ya zo ɗaya a kan cewa kada a yi gaggawar sake zuba Windows. Idan allo ya nuna kwamfutar ba ta samu faifan da za ta tashi daga kansa ba, a fara cire duk filashin da ke jiki, domin sau da yawa shi na'urar ke nema. Sannan a shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar na asali, ta hanyar danna maɓalli da zarar an kunna ta: F10 a HP, F2 a Dell, F1 ko F2 a Lenovo. A mayar da faifan da ke ɗauke da Windows sahun farko a jerin inda kwamfutar ke tashi, a adana saitin.

In kuwa saitin ya sake birkicewa bayan an kashe, agogo ma ya koma baya, to ƙaramin batirin da ke riƙe saitin a cikin kwamfutar, galibi CR2032 mai bolt 3, shi ne ya mutu. Sauya shi ba tsada.

An fi jan kunne a kan UEFI da Legacy, wato sabuwar hanyar tashin kwamfuta da tsohuwar, waɗanda ake zaɓa a BIOS. Windows ɗin da aka zuba a faifai mai sabon tsarin rabo na GPT ba zai tashi a Legacy ba, ko da faifan na lafiya ƙalau. Haka sauya saitin yadda kwamfutar ke hulɗa da faifai daga AHCI zuwa RAID kan jawo shuɗin allo na kuskuren Windows nan take. A mayar da saitin yadda yake.

Mutuwa ana cikin aiki kuma galibi zafi ne ko matsalar RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta wucin gadi. Ƙurar hunturu na toshe fanka, sai a hure ta, a sabunta man rage zafi da ke kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. RAM kuwa, in ya fi ɗaya, a gwada su ɗai-ɗai. Wasu na goge haƙoransa da abin goge fensir, wasu sun ce busasshen ƙyalle ya isa.