Agogon PLC uku sun ƙi tafiya tare: NTP ko PTP?

Sadiq:
Assalamu alaikum injiniyoyi. Layin sarrafawa ne mai PLC uku (kwamfutocin da ke sarrafa injinan masana'anta), da suwic biyu (na'urorin haɗa layukan sadarwa) a tsakani, duk suna karɓar lokaci ta NTP, wato tsarin daidaita agogon kwamfuta ta hanyar sadarwa. Idan layin ya tsaya, sai rajistar ƙararrawa ta nuna bawul ya rufe kafin sensar da ta sa shi rufewa ta motsa. Tazarar kan kai milisakan 3 zuwa 8. A ina gizo ke saƙar?

Injiniya Rabi:
Wa alaikumus salam. Malam Sadiq, ba laifin NTP ba ne, iya ƙarfinta ke nan. Agogon da ke zamewa da kashi 50 cikin miliyan yana kauce wa daidai da maikrosakan 50 a kowace daƙiƙa. In sai bayan daƙiƙa 64 ake gyara shi, ka ga milisakan 3.2 sun tafi.

Koma PTP, tsarin daidaita agogo da ya fi NTP daidaito, wato ƙa'idar IEEE 1588, bugun 2008 ko na 2019. Amma da sharaɗi: katin sadarwa ne zai buga hatimin lokaci a daidai fitar saƙo da shigowarsa, ba manhaja ba. Suwic ɗin ma dole su san PTP. Fakiti (ƙunshin bayanai) guda mai bayit 1500 yana tsare layin megabit 100 na maikrosakan 120, kuma saƙon Sync (saƙon daidaita lokaci na PTP) da ya tarar da shi sai ya jira. Suwic da aka sa a Transparent Clock yana auna wannan jiran ya rubuta a jikin saƙon, sai mai karɓa ya cire.

Bello K.:
Ƙari kan bayanin Injiniya. Lissafin PTP ya ɗauka tafiyar saƙo da dawowarsa tsawonsu ɗaya ne, in suka bambanta rabin bambancin zai zauna a agogo, ba kuwa ƙararrawar da za ta faɗa maka. Haske na cin kusan nanosakan 5 a kowace mita ta faiba, to bambancin mita 100 kuskuren nanosakan 250 ne.

Ka kuma rage Priority1 (lambar fifiko wajen zaɓen agogon da sauran za su bi) na babban agogo ƙasa da 128, don ƙaramar lamba ce ke cin zaɓe. In ba haka ba wata na'ura can gefe na iya karɓe shugabanci. Kada a gauraya E2E da P2P, hanyoyi biyu na auna jinkirin saƙo, a yankin PTP ɗaya. In ka ga tazarar daƙiƙa 37 cif, TAI (lokacin agogon atom, wanda PTP ke bi) da UTC (lokacin duniya na yau da kullum) ne suka cakuɗe.

Malam Haruna:
Duk gaskiya ne, sai dai kafin a sayi suwic ko ɗaya, Sadiq, a ina ake buga hatimin? In a cikin shirin PLC ne, kuma zagayensa (lokacin da shirin ke ɗauka ya gudana sau ɗaya) milisakan 10 ne, abin da ya faru yanzu zai iya jiran kusan milisakan 10 kafin a rubuta shi, ko da agogunan sun daidaita zuwa maikrosakan ɗaya. Ga tacewar shigarwa (ɗan jinkirin da katin karɓar sigina ke yi don tace hayaniya), wadda sau da yawa milisakan 3 ce, ƙila kuma ba ɗaya aka saita a katunan ba. Sai an sa katin shigarwa mai buga lokaci da kansa.

Sadiq:
Na duba, a cikin shiri ake bugawa, zagayen kuma milisakan 8 ne. Da katin zan fara. Allah ya saka da alheri.