Wa ya taɓa cin abincin 'yan Filifin a hutun rana a Dubai?

Sadiya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. An buɗe wani sabon gidan abincin 'yan Filifin a unguwar Satwa, irin na zamani, kuma abokan aikina sun dage sai mun je ranar Laraba. Hutunmu awa ɗaya ne, a ciki zan yi azahar. Wanda ya taɓa ci ya ba ni shawara, me zan ce a kawo min? Kuma ya batun halal?

Malam Nura: Wa alaikumus salam ƙanwata. A ƙasarsu naman alade ya yi yawa a girki, wannan gaskiya ne. Amma a nan Dubai sai wurin da ke da lasisi na musamman ke sayar da shi, kuma sukan rubuta a takardar abinci. Duk da haka ki tambaya, har da man da aka yi suya da shi, ba za su ji haushi ba. Ni sisig na ci. Asalinsa daga lardin Pampanga ne, da kan alade ake yi, amma nan da kaza suke yi ko kifin da suke kira bangus. An kawo min shi yana ƙara a kan farantin ƙarfe, an fasa ƙwai a sama, ga albasa da ɗan ƙaramin lemon tsaminsu, kalamansi. Ki juya ƙwan tun farantin na da zafi. Bai ɗau lokaci ba.

Hajiya Balaraba: Sadiya 'yata, sinigang za ki sha. Romo ne da tsamiya ake yinsa, tsamiyar nan tamu ta kunu. Nawa na jatan lande ne, da kuɓewa da yalo da tumatir da wani ganye da ke fitowa a ruwa. Cokalin farko sai da idona ya kawo ruwa don tsami, daga nan kuma ban ajiye cokalin ba. Ba a shansa shi kaɗai, kan farar shinkafa ake zubawa kaɗan-kaɗan, ita ke kwantar da tsamin. Na fito daga sanyin ofis da mura a jikina, wallahi kafin in tashi hancina ya buɗe. Abin da na lura, mutanen nan tsami suka ɗauka da daraja, yaji kuwa ba su damu da shi ba. In kin je da niyyar jin attarugu ba za ki ji daɗi ba. Ki je da niyyar ɗanɗana abin da su suke alfahari da shi.

Abba: Ni dai Hajiya ban samu yadda nake so ba. Kare-kare na nema, don an ce min miyar gyaɗa ce da wutsiyar sa. Haka ɗin ne, har kala ta yi kama da tamu, sai dai kusan ba gishiri, da gangan. Akwai wani markaɗaɗɗen jatan lande mai gishiri da ƙarfin wari, bagoong, da ake ajiye maka a gefe ka riƙa haɗawa. Da shi ta yi daɗi sosai. Matsalata wurin ya cika da ƙarfe ɗaya, an daɗe ba a kawo ba, ga kwanon ƙarami duk ado. Da yunwata na koma aiki. Wannan abincin na ranar hutu ne.

Ummi: Yaya Abba ya yi gaskiya kan cunkoso, ku isa kafin sha biyu da rabi. Anti Sadiya, adobon kaza da soyayyar shinkafa mai tafarnuwa ya fi sauri, don tun safe yake a dafe. Ruwan khal ne da soya sos da tafarnuwa da masoro, in ya jima ma ya fi shiga jiki. Cokali da cokali mai yatsu za su ba ki, babu wuƙa, da gefen cokalin ake yanka naman. Halo-halo kuwa, ƙanƙarar nan da madara da wake mai zaƙi da ube, wata irin doya mai launin shunayya, ku raba kofi ɗaya ku biyu.

Malam Nura: Na manta wani abu. A kudancin ƙasar, Mindanao da tsibiran Sulu, akwai Musulmi da girkinsu daban. Wani abokin aikina ɗan ƙabilar Tausug ya taɓa kawo mana tiyula itum daga gida, romon naman sa baƙi ƙirin da ƙonanniyar kwakwa da citta da kurkum, kuma wannan kam da yaji. Na duba a takardar sabon wurin ban gan shi ba. Duk wanda ya je ya tambayi mai girkin ko zai sa shi, in masu tambaya sun yi yawa wataƙila ya sa.