Tambaya kan kwana a ɗakin kan bishiya a arewacin Suwidin

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina karatu a Suwidin, kuma ni da maiɗakina muna son mu kwana ɗaya a Treehotel da ke ƙauyen Harads a hutun Disamba. An ce ɗakunan a jikin bishiyoyi suke, an kuma gina su yadda ba za su cutar da daji ba. Abin da ke damuna shi ne ruwa: yaya mutum zai yi tsarki da alwala a can sama? Sannan anya sanyin ba zai fi ƙarfinmu ba?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Damuwarka tana kan hanya, domin tun da aka buɗe wurin a 2010 an tsara shi ne kan tattalin ruwa. Yawancin ɗakunan suna da ban ɗaki mai ƙona bahaya da wutar lantarki, ruwan da ke wurin wanke hannu kuma kaɗan ne, wanka kuwa sai an sauko zuwa wani gini na daban. Shawarata ita ce ku hau da buta da gorar ruwa, ku kuma tambayi ma'aikata inda za a zubar da ruwan tsarki, saboda irin wannan ban ɗaki ba a yi shi don a kwarara masa ruwa ba. Idan da hali ku nemi ɗakin da ake kira 7th Room, wanda aka buɗe a 2017, domin shi yana da wurin wanka a ciki, sai dai tsayinsa daga ƙasa ya kai mita 10.

Amsa ta biyu:
Cikin ɗakin da ɗumi, Malam, tafiya tsakanin ɗaki da gidan cin abinci ce ke buƙatar kaya masu kauri. Ni dai da zan zaɓa muku, ƙarshen Satumba zan ce. Harads tana dab da yankin Aktik, wato can ƙuryar arewacin duniya, a Disamba hasken rana bai wuce 'yan sa'o'i ba, har Azahar da La'asar da Magariba su riƙa bin juna a kusa, sanyi kuma yakan kai digiri 20 ƙasa da sifili. A Satumba ma ana iya dacewa da ganin hasken nan mai launuka da ke bayyana a sararin arewa da dare.

Amsa ta uku:
Game da kare muhalli, abin da ya burge ni shi ne ɗakin Mirrorcube, wanda bangonsa madubi ne, amma aka shafa masa wani abu da tsuntsaye ke gani don kada su yi karo da shi. Sai dai ɗan'uwa, idan da gaske muhallin kuke ji, ku hau jirgin ƙasa na dare daga Stockholm zuwa garin Boden, ku ƙarasa Harads da mota, maimakon jirgin sama zuwa birnin Luleå da ke yankin.